Kujerar Baya a Hanyar Ƙuba

Na iso Madina ba ni da jarin da ya wuce muryata. Na daɗe ina karanta labarai a wani gidan rediyo a Kano, kuma mutumin da ya nemo mini biza ya ce wani kamfanin hidimar alhazai ne yake neman mai tsaftatacciyar Hausa da zai naɗa masa bayanan wuraren ziyara. Da na je inda aka kwatanta mini, shagon sayar da katifu na tarar. Na kira kafilina, wato wanda sunansa yake kan takarduna. Bai yi mini wani kewaye-kewaye ba.

"Babu kamfani, babu aiki," in ji shi. "Ka nemi wanda zai karɓe ka, a mayar da kafalarka hannunsa kafin watan gobe ya ƙare. In ba haka ba, zan kai rahoto cewa ka gudu."

Wanda aka rubuta cewa ya gudu, sai kamu, sai tsarewa, sai kora. Ni kuwa na ajiye aikina a gida, abokan aiki har walimar bankwana suka yi mini, matata ta gaya wa danginta cewa mijinta ya samu aiki a birnin Manzo. Ban ga fuskar da zan koma da ita ba.

Zangona na farko shi ne unguwar Aziziyya, a ɗakin wani mutumin Chadi mai suna Abakar, mai aikin guga a gidan wanki. A masallaci ya gan ni zaune da jaka bayan kowa ya watse. Bai tambaye ni labari ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗan'uwa, taso, shayi yana hucewa." Ya ba ni katifa da kusurwa ɗaya ta ɗakin.

Zama ya gagare ni a ɗakin nan. Da gari ya waye sai in fita in bi shaguna ina tambayar aiki, in dawo, in sake fita ba tare da na san inda na nufa ba. Idan lokacin labaran yamma ya yi a gida, sai in ji bakina yana motsi shi kaɗai, yana shirya sallamar buɗe shiri. Abakar ya kan dube ni ya girgiza kai.

"Kai ba za ka bar ƙasa ta huta ba? Ka iya tuƙi?"

Na ce na iya, kuma ina da lasisi.

"To, akwai wani gida a unguwar Khalidiyya da suke neman direba. Amma in gaya maka gaskiya, gidan nan cin direbobi yake yi. Biyu na sani, duk an sallame su."

Kafin gidan, sai da muka biya ta garejin Usta Bashir, Bahaushen Sudan, mai ƙaton ciki da gajeren haƙuri, domin shi ne zai gabatar da ni. A nan na fara ganin motar da ake nema wa direban. Tsohuwar motar Amurka ce ta zamanin iyayenmu, koriya shar, mai ƙofa huɗu, bonet ɗinta kaɗai ya isa mutum ya shimfiɗa tabarma. Da Usta ya tayar da ita, gurnanin silinda takwas ɗin nan a ƙirjina na ji shi kafin kunnena.

"Ya zol, mutumina, dubi aiki," in ji shi yana dukan bodin da tafin hannu. "Fatar ce kawai tsohuwa. Birki sabo. Sitiyari sabo. Sifirin da shokozoba duk na tsere ne, masu tauri. Mun saukar da ita ƙasa, mun sa mata manyan wili da siraran tayoyi. Da can in ta sha kwana sai ta kwanta gefe guda kamar saniya mai ciwon ƙafa. Yanzu kuwa? Kamar an ɗinke ta da kwalta."

Mai motar shi ne Ustaz Majid, ɗan ƙasa ne, jikan mutanen da suka zo hajji da ƙafa suka zauna. Yana jin Hausa sarai, amma rabin amsarsa da Larabci take fitowa. Motar ta mahaifinsa ce, marigayi Malam Ilyasu. Majid ya tono ta daga inda ta shekara da shekaru a lulluɓe, ya sa Usta ya raya ta, ya miƙa wa mahaifiyarsa makullin a matsayin kyauta. Mahaifiyar, Hajja Sa'a, ba ta fashin zuwa Masallacin Ƙuba duk Asabar, kamar yadda mijinta ya saba kai ta. Aikin direba shi ne wannan, da 'yan aike-aiken gida.

"Sharaɗi ɗaya ne, ya akhi," in ji Majid. "Idan Ummi ta ce ka yi, in karɓi kafalarka. Idan ta ce a'a, halas."

Ya ce sai ya gwada hannuna. Da tasa motar muka fara, farar motar Jamus ta zamani, gajera, kamar an danne ta da tafin hannu. Muka hau babban titin da ya zagaye gari. Ban taɓa tuƙa irinta ba. Kafin ka gama niyyar juya sitiyari ta juya. In ka shiga kwana da gudun da ya wuce kima, sai ka ji wani abu a ƙarƙashi ya gyara maka kuskuren a ɓoye, ya bar ka kana zaton gwanintarka ce. Akwai wani maɓalli kusa da giya. Majid ya danna, motar ta ƙage kamar ɗan dambe. Ya sake dannawa, sai ta saki jiki, gargadar titi ta koma kamar ana buga ƙofa a gidan maƙwabta.

"Ita wannan tana da hali biyu," in ji shi. "Amma ba ta da rai. Zo ka ji mai rai."

Koriyar kuwa hali ɗaya gare ta. Gabanta nauyi, sitiyarinta yana gaya maka duk abin da ke ƙasa, kuma babu mai gyara maka kuskure sai kai. In ka taka totur bayanta yakan yi ɗan rawa kafin ya miƙe. Amma a kwana ba ta karkata ko kaɗan, ta kusa kamo ta zamanin, kuma wannan shi ne abin alfaharin Majid. Duk ƙarshen mako yakan fita da ita bayan gari tare da abokansa masu sababbin motoci, ya nuna musu cewa motar ubansa ba ta jin tsoron kowa. Kujerun gaba ya canza su da na zamani, masu rungume mutum, masu laushi. Kujerar baya ce kaɗai bai taɓa ba.

"Nan Ummi take zama tun ina yaro," ya ce. "Ko allura ban yarda a sa mata ba."

Na ga kyan maganar, ban ga abin da ke cikinta ba.

Ranar Asabar da hantsi Hajja Sa'a ta fito tana dogara sanda, ƙaramar tsohuwa cikin baƙar abaya. A Sudan aka haife ta, a kan hanya, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta kakata ce, ba gauraye.

"Kai ne mai rediyon?" ta ce. "To, a nan ba surutu ake so ba, hannu ake so."

Ta shiga baya, ta fara salati. Daga Khalidiyya zuwa Ƙuba ta unguwar Ranuna muke bi, domin ta nan Malam yake bi, kuma hanyar cike take da tudun rage gudu, wanda a nan ake kira matab. Na tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai. A wurina, a kujerar gaba, ban ji wani abin a zo a gani ba. Muka je, ta yi sallarta, muka dawo. Da yamma sai ga kwano an aiko mini da shi daga cikin gida, tuwon shinkafa da miyar kuka har da man shanu. Rabona da ƙamshin daddawa tun Kano. Na ɗauka da murna na kai wa Abakar mu ci tare.

Ya buɗe kwanon, ya rufe.

"Innalillahi. Har an fara?"

"An fara me?"

"Wanda ya gabace ka ma tuwo ta aika masa. Wanda ya gabace shi ma haka. Duk wanda Hajja ta aika wa tuwo, ya fara ɗaure kayansa."

Na yi dariya, amma tuwon bai wuce mini daidai ba. Washegari Majid ya tare ni a ƙofar gida. "Ummi ta ce hannunka yana da nauyi. Ta kwana da ciwon baya. Shwayya shwayya, a hankali, ka ji? Ina ba ka wata Asabar ɗin."

Makon nan ban zauna ba. Na bi hanyar Ranuna da ƙafa cikin zafin rana, ina haddace kowane matab da kowane faci. Kafilina ya aiko da saƙon murya, kalma uku: "Wata yana tafiya." Matata ta kira tana tambaya yaushe za ta ji muryata a faifan ziyara, na ce ana shirye-shirye.

Asabar ta biyu na kashe na'urar sanyaya mota na ɗan lokaci, na kasa kunne. Aikin rediyo yana koya wa mutum jin numfashi, domin numfashin da ya tsinke a gaban makirufo shi ne farkon abin da ake gyarawa. Salatin Hajja yana tafiya sumul har sai ƙafafun baya sun hau matab. Daga nan sai ya yanke, ta haɗiye wani abu, ta ci gaba. Na rage gudu har mai tafiya da ƙafa ya wuce mu. Bai hana ba. Ko ɗan layin da ke tsakanin kwalta da kwalta sai ya tsinka mata numfashi. Kujerar tana daidai kan ƙarfen ƙafafun baya, sosonta ya mutu tun zamanin Malam, ƙarƙashinta kuma an ɗaure da sifirin tsere. Hajja ce take shanye duk abin da motar ta ƙi shanyewa.

Da ta fito daga masallaci, kafin in tayar da mota, na ce, "Hajja, a gafarce ni. Hannuna ne, ko motar ce?"

Ta kafe ni da ido ta madubi har na yi nadamar tambayar.

"Ɗan nan, a gidanku haka ake yi wa manya tambaya?"

"A'a, Hajja. Amma in aka kore ni daga gidan nan, ba ni da wurin zuwa sai gidan kaso."

Ta juya sandarta a hannu. "Motar Malam, da, kamar kwalekwale take. In ya ɗauko ni daga nan, kafin mu kai gida na yi barci. Wancan kuwa," ta ce, ta nuna wajen Khalidiyya da haɓa, "ya zuba ƙarfinsa da ransa a kanta, ya kawo mini makulli yana hawaye. In buɗe baki in ce masa me? Kyautarka tana karya ni?"

Wancan. Sai a lokacin na lura ban taɓa jin ta ambaci sunan Majid ba. Ɗan fari ne. Irin kunyar da iyayenmu mata suka fara saki a Kano, ita ta riƙe ta cif a Madina, kamar yadda uwarta ta damƙa mata. Ba za ta kira sunansa ba, ba za ta yabe shi a gabansa ba, balle ta kushe abin da ya ba ta. Da ya tambaye ta me ya sa take dawowa a sunkuye, dole ta sami inda za ta ajiye laifi, kuma direba ne mafi kusa. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Tuwon nan kuwa ban haƙuri ne.

"Ga farar motarsa, Hajja. Akwai abin da ake dannawa ta yi laushi."

"Wannan akwatin? Malam ya taɓa zama a cikinta?" Ta buga sanda a ƙasan motar. "Kuma ka ji ni da kyau. In ka kai masa maganar nan, ban yafe ba."

Da yamma tuwo ya sake zuwa, har da nama.

Majid ya kira ni ranar Alhamis bayan la'asar. Yana tsaye kusa da koriyar, yana goge madubinta da gefen hiraminsa, ba ya son haɗa ido da ni.

"Wallah na so ka, ya akhi. Amma Ummi ta ce babu canji. Ka yi haƙuri."

Maganar tana bakina, kuma an rufe ni da rashin yafiya. Na ce, "Ustaz, na yarda. Alfarma ɗaya nake nema. Ranar da ka gwada ni, a gaba ka zauna. Amma hukuncin da ake yanke mini, daga baya ake yanke shi. Ka zauna inda ake yi mini shari'a, mu bi hanyar sau ɗaya. In ka ga laifina, ba sai ka sake magana ba."

Ya yi 'yar dariya. "A baya? Rabona da kujerar nan tun ban kai in ga titi ta gilashi ba." Ya kama marfin ƙofar baya. "Ɗayyib. Mu je."

Na tuƙa shi daidai yadda nake tuƙa ta. Matab na farko a Ranuna, na ji haƙoransa sun haɗu.

"Shwayya!"

Na biyu, ya dafa rufin motar. "Ya akhi, da gangan kake yi?"

"Leƙo ka ga allurar gudu, Ustaz."

Ya leƙo. Allurar ko tashi ba ta yi ba. Wani mai keke ya wuce mu yana waiwaye. Majid ya ce in tsaya, ya karɓi sitiyari, ya mayar da mu kan matab ɗin da kansa. "Ka gani? Lafiya lau!" Daga kujerar gaba gaskiya ya faɗa. Ban yi musu ba. Fuskarsa ta ɗaure, ya juya kan motar zuwa garejin Usta Bashir, yana cewa a can za a raba gardama.

Usta ya ji bayani ya kumbura. "Aikina ne ake zargi? Ni na ɗaura kowane ƙarfe a motar nan da hannuna!"

"Ka taɓa zama a baya?" in ji Majid.

"Me zai kai usta baya? Ni fasinja ne?"

Aka yi ta juyi a layin garejin, wanda ba shi da kyau ko kaɗan. Usta ya tuƙa, Majid a baya. Majid ya tuƙa, Usta a baya. A zagaye na biyu muka ji Usta yana ihu ta taga: "Tsaya, ya zol, tsaya! Ƙodata!" Ya fito yana riƙe da ƙugu, yana zagin sifirin da shi da kansa ya yi wata guda yana yabo.

Majid bai yi dariya ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya danna kujerar da hannu, hannun ya nutse har ya taɓa ƙarfe. Ya daɗe a sunkuye.

"Duk Asabar," ya ce. "Kuma na kori mutum biyu." Ya ɗago ya dube ni. "Ta gaya maka?"

"Ni direba ne, Ustaz. Titi nake kallo."

"Me ya sa ba za ta gaya mini ba? Ni ɗanta ne!"

Na ce, "Ka taɓa jin ta kira sunanka?"

Ina jin duk rayuwarsa ya ɗauki abin a matsayin wata ɗabi'a ta tsofaffi, bai taɓa zaton tana da nauyin da za ta iya danne ciwo ba.

Usta ba ya zubar da komai. Tsofaffin sifirin Malam suna jingine a bayan gareji, da ƙananan wili na asali. Ya ce zai iya mayar da su, ya sa shokozoba mai laushi da tayoyi masu kauri, ya cusa sabon soso a ƙarƙashin tsohuwar fatar kujerar ba tare da an gane ba. Birki da sitiyari za su zauna.

"Amma ka sani," ya ce wa Majid, "kwanar nan da kake taƙama da ita ta tafi. Abokanka za su bar ka a baya suna yi maka dariya. Ba a samun riƙon kwana da laushi duka biyun a jikin tsohuwar mota. Mai hali biyu tana gidanka, fara."

Majid ya shafa bonet ɗin tun daga gilashi har hanci.

"Mayar," ya ce. "Kuma kada wanda ya gaya wa Ummi an taɓa komai."

Sai da aka ɗaga tafiyar Asabar ɗaya, aka ce wa Hajja mota tana wurin canjin mai. Wata ya kusa ƙarewa, kafilina ya daina aiko da saƙo, kuma shirunsa ya fi saƙon tayar mini da hankali. Majid bai ce ya karɓe ni ba. Sharaɗinsa yana nan: sai abin da Ummi ta ce.

Ranar da na fito da motar, ta ƙara tsayi, ta yi ƙiba a ƙafa. A kwanar farko ta kwanta gefe guda, sai da na riƙe sitiyari da kyau. Hajja ta shiga, ta zauna, ta ɗan motsa kamar mai neman wani abu da ba ta samu ba. Ta fara salati. Muka iso matab na farko. Gaban motar ya hau ya sauka, bayan ya bi, jikin duka ya yi lilo sau biyu a hankali kamar an ajiye ƙwarya a ruwa. Salatin bai yanke ba. Na biyu ma haka. A hanyar dawowa, kafin mu fita daga Ranuna, salatin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya koma numfashi mai tsawo. Na duba madubi. Kanta yana jingine da gilashi.

Majid yana tsaye a ƙofar gida, wai ya fito duba tayar farar motarsa. Hajja ta farka, ta sauko ba tare da ta nemi hannun kowa ba. Ta dubi tayoyin koriyar, kallo ɗaya, ta ɗauke kai. Ba ta dubi ɗanta ba. Da bangon gidan ta yi magana.

"A gaya wa wancan, direban nan ya fara koyo. A bar shi."

"Hadir, ya Ummi," in ji Majid, wato an gama.

A makon aka mayar da kafalata hannun Majid. Ranar ba a aiko mini da tuwo ba, Abakar ya ce wannan shi ne babban albishir, ya dafa mana shayi mai kauri. Na kira matata na gaya mata gaskiyar aikin da nake yi. Daga cikin direbobi biyun da suka gabace ni, Majid ya nemo ɗaya ya sama masa wuri a wajen wani abokinsa. Ɗayan an riga an mayar da shi ƙasarsu, kuma har yau nakan tuna shi idan na riƙe makullin nan.

Abokan Majid sun sa wa motar suna Safina, wato jirgin ruwa, ya daina fita da ita bayan gari. Ni kuwa ƙafata ba ta daina tsoron Ranuna ba. Duk Asabar nakan rage gudu tun kafin matab, kunnena a baya. A makon jiya, da muka hau miƙaƙƙen titin da ke gaban unguwar, sai na ji sanda ta taɓa bayan kujerata.

"Mai rediyo."

"Na'am, Hajja."

"Gawa ka ɗauko? Taka ta. Malam ba ya tafiyar hawainiya."

Na taka. Silinda takwas suka amsa gaba ɗaya, hancin motar ya ɗaga sama, bayanta ya zauna, daga kujerar baya kuma na ji tsohuwa tana dariya.